Zangon Bayan Dutse

A zamanin sarakunan farko na gidan Mugal, fada ba ta zama wuri ɗaya. Yau tana nan, gobe an ɗora ta a kan raƙuma da giwaye, ana ta kai da komo tsakanin Lahor da Agra. To cikin masu wannan hidima akwai wani dattijo mutumin Kabul, Yadgar, mai igiya da turaku. Shi ke riga kowa da tafiyar wuni guda, ya auna filin da za a kafa tantunan gobe. Kafin sarki ya iso, ya yi gaba. Bai taɓa ganin sarkin ba, bai kuma damu ba.

Damuwarsa matarsa ce, Gulrang. Tun da aka ɗauke ta girki a madafar matan fada, kullum tana bayansa da wuni ɗaya. Zuwa wurinta da dawowa kwana biyu ne, aikin kuwa ba ya jira. Wata goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ita. Yakan ɗaure mata busasshen inabi a gindin turken madafa, ita kuma ta aiko ta bakin masu alfadarai cewa akwai tsakuwa a ciki.

Ya kai kuka wurin shugabansa, Mir Dost. Mir Dost ya ce zango wuni ɗaya ne cur, ba ragi, kuma ya san maza da yawa da za su ba da doki a ba su irin aikinsa.

Ana nan sai hanya ta kawo Yadgar gindin wani dogon dutse. Ya kafa turakunsa a nan. Washegari ya bi hanyar da giwa za ta iya bi, ta zagaya dutsen, wuni guda cif. Hanyar awaki kuwa ta bisa, ko ruwan zafi bai huce ba ka tsallake. Ya kafa zango na gaba daidai bayan dutsen, ya naɗe igiyarsa, ya hau.

Ya tarar fada ta sauka a zangon jiya, ga Gulrang tana juya shinkafa da naman rago. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka rame, tsoho. Wanke hannu."

Ya ci kwano biyu. Suka yi hirar ciwon gwiwa, da rufin ɗakinsu na Kabul da watakila ya rufta. Ta ɗinke masa hannun riga tana faɗa. Kafin dare ya raba ya koma bakin turakunsa.

Da asuba dukan runduna ta tashi, giwaye, tambura, manyan fada, masu tukwane, suka wuni suna zagaya dutse cikin rana, suka sauka a wurin da jiya ma suna iya jiyo kukan jakin Yadgar daga cikinsa. Shi kam ya riga ya yi gaba.

Bayan kwana biyu wani mai alfadari ya cim masa da saƙo biyu. Mir Dost ya ce ya ga hanyar awakin, ya kuma auna zangon da kansa, wuni ɗaya ne, babu abin cewa. Sarki ma ya harbi barewa biyu a hanya, ya ji daɗi, ga riga an aiko masa kyauta.

"Na biyun fa?"

"Uwar gidanka ta ce ƙafafunta sun kumbura, Allah ya isa." Mai alfadarin ya gyara kayansa. "Ta kuma ce in tambaye ka, ko akwai wani dutsen a gaba."