Yasmin ɗin Baba Ayodele

Kwandon ne ya fara faɗuwa, sannan Iya Remi ta bi shi. Susanna tana bakin murhu tana iza wuta a gindin tukunyar wake, sai ta ga fararen furanni sun watse a tsakar gida, wasu har cikin kwata, tsohuwar kuma ta jingina da bango tana sulalewa a hankali. Kafin ta isa wurinta, bakin Iya ya riga ya karkace gefe ɗaya.

"Iya. Iya Remi, kina ji na?"

Tsohuwar ba ta dube ta ba. Furannin take kallo, hannunta mai sauran motsi yana lalube a ƙasa.

A asibiti aka ce ɓarin jiki ne ya shanye. Aka riƙe ta 'yan kwanaki, aka sallame ta da tarin magunguna. Remi, 'yarta tilo, ta zo daga Ibadan, ta yi kuka, ta yi jinya, hutun da aka ba ta a wurin aiki ya ƙare ta koma. Jinya ta dawo kan Susanna. Ba wanda ya ce ta ɗauka, kuma ba wanda ya yi mamaki, don ƙofarsu na kallon juna a wannan gidan haya na Sabon Gari tun Julius ɗinta yana goye, yau ga shi da gemu yana aiki a Kaduna.

Iya Remi, wadda sunanta na yanka Oluwatoyin amma ba mai kiranta da shi, Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta har da zagi. Sana'arta turaren fure. Mijinta marigayi, Baba Ayodele, shi ne mai kula da furanni a gidan wani malamin jami'a a Samaru, kuma shi ya shuka furen yasmin a jikin katangar gidan ta baya. Malamin ya rasu, Baba Ayodele ya rasu, yasmin ya ci gaba da fure duk damina, Iya kuma ta ci gaba da hawa keke da sassafe tana zuwa tsinka. Takan narka man kaɗanya ta tace, ta sake narkawa ta sake tacewa, sai warin kaɗanyar ya fita. Ta shafa shi a kan gilasan taga da mijinta ya yi wa katako, ta kifa furannin ɗaya-ɗaya a kan man, ta jera gilasan a ɗan sito mai duhu a bayan gida. Washegari ta tsince na jiya ta sa sababbi. Haka har damina ta yi nisa, man ya sha ƙamshi ya ƙoshi, ta kankare shi cikin ƙananan kwalabe. Amare ke saya, da matan coci.

Susanna ba ta taɓa saya ba. Ita mai shinkafa da wake ce a unguwar PZ, kuma hayaƙi da tattasai sun daɗe da gama wa hancinta aiki. Iya takan kai mata kwalba bakin hanci ta ce, "Me kika ji?" Ta ce, "Mai." Iya ta yi tsaki ta ce, "Hancin nan naki ado ne kawai, Maman Julius." Abin da Susanna ke taƙama da shi tsabta ne. Duk layin an san ba abin da ke shiga tukunyarta bai ga ruwa sau biyu ba, kuma ta sha ɓatawa da maƙwabta a kan kwata.

Ranar da Remi ta tafi, Iya ta kama zanin Susanna ta riƙe. Magana ta yi mata nauyi, kowace kalma sai ta yi kokawa da ita.

"Yasmin. Kar ya tsaya."

"Iya, ki bar zancen fure, ki ji da jikinki."

"Sun sayar da gidan Samaru. Za su sare." Ta huta. "Wannan na ƙarshe. Ba na sayarwa ba. Nawa ne. Ranar da za ku wanke ni."

Susanna ta so ta ce Allah ya sawwaƙe, sai ta tuna wani abu. Tana nan ranar da Iya ta shafa wa Baba Ayodele wannan man a goshi da tafin hannu kafin a rufe akwati, ta kuma ji abin da ta ce masa da Yarbanci, Remi ta fassara mata daga baya: ka tafi da shi, da shi zan gane ka. Tausayi ya kama Susanna, ta ce, "Zan yi, Iya. Ai na sha ganin yadda kike yi."

Ta sha gani kam. Ta ga tsincewa, ta ga kifawa. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne abin da ke faruwa tsakanin kwando da gilashi, don a daidai lokacin tana kan tukunya. Iya kuwa ba ta faɗa mata ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, abin ne bai ko zo mata a rai ba, don ita a wurinta ko yaro ya san sai an baza fure a inuwa raɓa ta bushe.

Kwandon Iya ya karye ranar faɗuwa, don haka Susanna ta ware wani tsohon ɗankwali ruwan ƙasa don zuwa Samaru. Takan ɗaura shi a kan kitsonta da ke shan man kaɗanya kullum, ta hau keke gari bai gama wayewa ba, ta sauka ta bi ta bayan shagunan da ɗalibai ke sayen burodi, ta kwance ɗankwalin ta tsinka a ciki, ta ƙulle ta rungumo. In ta juye furannin a gida, sai ta kakkaɓe shi ta rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ranar farko ta baza furannin a tire ta tsaya tana kallonsu. Ga kiyashi, ga feshin taɓo, ga katangar da aka tsinko su awaki na bi. Wannan za a shafa wa jikin mutum, jikin Iya ma? Ta ɗebo ruwa a roba ta wanke su tas, ta canja ruwa ta sake wankewa, har da ɗan gishiri yadda take yi wa latas. Ta tsane su a kwandon shinkafa, ta kifa su a kan man suna sheƙi. Ranta ya yi fari, a ganinta ma ta ɗan gyara wa Iya sana'a.

Kullum in ta kawo kunu, Iya kan tambaya, "Kin canja?"

"Na canja, Iya."

"Ƙamshi fa?"

"Yana nan."

Damina ta yi tsaka, ruwa ba ya ɗaukewa, shanya ba ta bushewa. Susanna ta soma makara zuwa PZ, masu cin abincinta suka soma komawa wurin wata, ba ta fasa zuwa Samaru ba. Ta lura man ya yi laushi, wasu ɗige-ɗige masu toka-toka na fitowa a gefe. Ta sa cokali ta kwashe, ta ce a ranta sanyi ne. Sito ba haske, ita kuma ba hanci.

Wata safiya ta isa bayan gidan ta tarar babu katanga. Bulo ne jere, da yashi, da leburori suna haƙa. Wai ɗakunan haya za a gina wa ɗalibai. Ta tambayi wani mai hular kwano ina furen da ke nan. Ya nuna mata toka a gefe, ya ce da Hausarsa ta 'yan kudu, "Madam, tun jiya mun sare, mun ƙona. Maciji yana ɓuya ciki." Ta tsaya da ɗankwali a hannu, ta tona tokar da ƙafa ko za ta ga saiwa. Sun tuge har saiwar.

Da ta faɗa wa Iya, tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce, "Ya isa. Man ya sha. Kawo ɗaya in ji."

Susanna ta ɗauko gilashi ɗaya daga sito. Sai da ta fito da shi hasken tsakar gida ta ga abin da kyau. Fumfuna ta ci man daga ƙasa, kore-kore da baƙi-baƙi, ruwa ya kwanta a gurbin kowane fure. Ta koma ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku, duk haka. Ta yi tunanin ta kankare sama ta kai, amma ba a yi wa hancin Iya wayo. Ta shiga da shi yadda yake.

Tun daga bakin ƙofa Iya ta ji. Ta dangwala yatsa, ta murza, ta kai hanci.

"Ruwa," ta ce. Ta dubi Susanna. "Kin wanke su."

"Na wanke, Iya. Da datti a jikinsu, da kiyashi. Na ga jikinki za a shafa wa."

"Duka?"

"Tun ranar farko."

Iya ta rufe ido. Susanna ta durƙusa tana jira a zage ta, don ta san bakin Iya, kuma da zagin ya zo da ta samu sauƙi. Bai zo ba. Can tsohuwar ta ce, "Ba a wankewa." Ta sake hutawa. "Kin wahala, Maman Julius. Fitar da shi." Ta juya fuska bango da ƙyar.

Baƙin ciki ya hana Susanna cin abinci ranar. Washegari ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayo turaren kwalba mai hoton farin fure, ta buɗe kusa da gado. Iya ta kawar da kai. Ta bi gidaje a Samaru tana tambaya, har wata mata ta bar ta ta tsinki yasmin a tukunyar ƙofar gidanta. Iya ta shinshina ta ce, "Yasmin ne. Ba nasa ba ne." Daga nan ba ta ƙara tambayar komai ba. Kunu ma sai an lallashe ta, cokali biyu ta rufe baki. Matan zumuntar coci suka zo suka yi waƙa suka yi addu'a, Fasto ya zo, aka kira Remi a waya aka ce ta taho.

Ɗankwalin Samaru yana nan a ƙusa. Susanna ba ta son ko ganinsa, shi ya sa a duk kayanta shi kaɗai ya tsira daga wanki.

Wata safiyar Laraba Remi ta buga mata ƙofa. "Anti Susanna, ki zo. Numfashin Mama ya canja." Susanna ta fito daga wanka ke nan, ta zari abin da hannunta ya fara kaiwa ta ɗaura a ka, ta tsallaka tsakar gida. Ta zauna a bakin gado, ta tallafo kan Iya, ta sunkuya tana gyara mata matashi. Sai hancin tsohuwar ya motsa. Ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta kwana biyu ba ta ja ba. Ta buɗe ido, ba Susanna take kallo ba.

"Ayo," ta ce, yadda take kiran mijinta. "Ka zo."

Susanna ta dubi Remi, ta girgiza kai, a zatonta fitar hayyaci ne. Iya ta sake ja, ta sake, hannunta mai motsi ya kama wuyan Susanna ya riƙe ta a sunkuye. A haka riƙon ya saki.

Sai da kuka ya lafa, maƙwabta suka cika ɗakin, Remi ta rungume Susanna, sannan ta ɗago kai da sauri.

"Anti, ina kika samu turaren Baba?"

"Wane turare? Ai na ɓata shi, Remi. Ni na ɓata shi."

"A'a, yana jikinki." Ta sake matsowa. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalin, ta tusa fuskarta a ciki, ta sake fashewa da kuka. Tsohon ƙyalle ne mai maiƙo, ya sha man kitso, ya sha furanni duk damina tun kafin su ga ruwa.

Ranar jana'iza, a mutuware, ɗakin ajiye gawa, matan zumunta suka wanke Iya, suka sa mata farin leshi. Remi ta goga mata ɗankwalin a goshi, ta goga a tafin hannu, sannan ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin hannuwan da aka haɗa a ƙirji. Wata daga cikin matan ta ce a hankali ai wannan tsumma bai dace da leshi ba, kamata ya yi a ce an wanke shi tukuna. Remi ta bar shi a inda yake.

Kafin a rufe akwati, Susanna ta roƙi a ɗan dakata. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa hannun Iya, ta rufe ido, ta ja numfashi iya ƙarfinta. Ta sake ja. Ba ta ji komai ba sai sanyin ɗakin.

"Yana nan?" ta tambayi Remi.

"Yana nan, Anti."

Susanna ta gyara gefen ɗankwalin da ya leƙo, ta ja da baya, masu ɗaukar akwati suka matso da murfi.