Koren Murfi a Rumfar Saje Dawuda

Saje Dawuda na durƙushe yana danna tiyub ɗin wani babur cikin bahon ruwa lokacin da matarsa Saloma ta iso rumfar a karo na biyu. Ba ta ko zauna ba. Ta ce ya rufe wurin nan haka, ya je gida ya yi wanka, ga shaddarsa can ta goge tun jiya. Yaron da ke neman 'yarsu Dinah yana hanya daga Abuja, ƙarfe biyu zai shigo gaisuwa, kuma yau daga bakin uba ake jiran magana. Bai kamata baƙo ya tarar da shi cikin baƙin mai kamar gindin tukunya ba.

"Dinah ce ta aiko ki?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ni na aiko kaina, Baban Dinah."

Ta faɗa da sauri, kuma saurin ne bai yi masa daɗi ba. Da ta tafi ya daɗe yana kallon hannuwansa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motocin soja, har Laberiya ya je ya dawo da ƙafafunsa biyu. Da ya yi ritaya ya kafa wannan rumfa ta facin taya a bakin titin shigowa Zuru, kuma da facin nan Dinah ta yi karatun jinya har ta samu aiki a Abuja. To yau kuma shi ne abin ɓoyewa? Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ƙudurta a zuciyarsa cewa ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sai ya ɓoye masa hannuwansa ba, ko da ɗan waye.

A Zuru ba a cika kiransa da sunansa ba, Saje Dakata ake ce masa. Dalili kuwa, ba ya auna taya da zafinta. Ka taho a guje daga Kontagora ko Yawuri, zai ɗora tafin hannu a kan tayar, ya nuna maka benci a ƙarƙashin darbejiya, ya ce ka dakata ta huce. Yana da wani tsohon geji na ƙarfe, abin auna iskar taya, da yake naɗewa cikin ƙyalle, ba ya ba kowa aro. Direbobin haya da yawa sun gaji da shi sun koma tsallaken titi wajen Arzika, mutumin Argungu, wanda ba ya ɓata wa kowa lokaci. Shi Arzika ya sa tiyo, ya bugi taya da ƙarfe, ya saurari ƙararta, ya ce ta yi. Su biyun kullum cikin tsiya suke da juna, amma randarsu ɗaya, kuma idan injin ɗura iskar ɗaya ya ƙi tashi ɗayan ne ke tsallakowa.

Ƙarfe ɗaya da kwata, rana ta take, kwalta har tana walƙiya, sai ga wata jar mota ta gangaro a hankali. Gajeruwa ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tayoyinta masu faɗi amma sirara a gefe. Dawuda ya ga lambar Abuja, ya tuna Dinah ta taɓa ba uwarta labarin wata jar mota mai kwanciya kamar ƙadangare. Ya ci gaba da goge hannu.

Saurayi ne dogo ya fito, cikin farin yadi mai guga. Ya gaida shi da ladabi, ba laifi, ya ce sunansa Justice, iyayensa 'yan Dabai ne amma a Kaduna ya tashi. Tun daga Rijau yake jin sitiyari na jan shi dama. Sannan ya nuna wani ɗan koren murfi a bakin bawul ɗin tayar, inda ake ɗura mata iska, ya tambaya ko Baba yana da naitirojin. Ita aka sa masa a Abuja, kuma an ja masa kunne kada ya bari a gauraya masa da iskar bakin titi.

Iskar bakin titi! Dawuda ya haɗiye maganar da ƙyar. Ya ce masa ya san naitirojin, ya ga ana ɗura ta a tayoyin jirgi tun yaron yana firamare. Ba ta da laima, tana ɗan daɗewa a taya, ba wanda ya musa. Amma babu ita a Zuru, babu a Kontagora. Kuma iskar da suke shaƙa yanzu haka, kashi huɗu cikin biyar ita ce. Laimar da ake gudu kuwa, shi kowace safiya sai ya tsiyaye tankin injinsa kafin ya karya kumallo. Gauraya ba ta kashe taya, tafiya a kan tayar da ta sace ita ke kashewa.

Ya ɗora hannu a kan tayar gaba ta dama, ya janye da sauri. Ta yi zafi kamar murfin tukunya. Ya ce a gyara fakin a inuwa, a ba ta rabin awa.

Justice ya dubi agogonsa. Ya ce don Allah Baba ya taimaka, ana jiransa ƙarfe biyu a wani gida da ba a makara. Ai ga lamba nan a jikin tayar, hamsin da ɗaya, a cika ta zuwa nan kawai ya wuce.

Nan ne Dawuda ya buɗe ƙofar direba ba tare da neman izini ba, ya nuna wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Talatin da uku a gaba, talatin da shida a baya.

"Ɗana, lambar jikin taya iyakar abin da za ta iya jurewa ne. Wannan kuma abin da motar take so. Kuma da sanyinta ake nufi."

Saurayin ya tsura wa takardar ido. Daga tsallake Arzika ya ɗaga tiyo sama yana kaɗawa.

"Alhaji ƙarami, taho nan! Wanga tsoho sai ya sa ka kwana bisa benci."

Justice ya sake duban agogo, ya ce Baba ya yi haƙuri, ya shiga mota ya tsallaka.

Dawuda ya koma kan bencinsa ya zauna. Ba fushi ya ji ba, baƙin ciki ne ya sauko masa. Shi a zamaninsa golmo ya yi, noman da saurayi ke yi wa gidan surukai kafin a ba shi mata. Damina bakwai yana duƙe a gonar uban Saloma a kan dutse, bayansa na saɓulewa, kafin tsohon ya yarda ya dube shi da ido biyu. Ga wannan kuwa rabin awa ta gagare shi. Wannan ne zai riƙa ɗauko Dinah a titin Kontagora mai ramuka, cikin zafin Afrilu, da taya mai tauri kamar dutse? Amsar da zai bayar da yamma ta riga ta zauna masa a baki, sai dai bai san yadda zai dubi 'yarsa ya faɗe ta ba.

Yana kallo Arzika ya kunna inji, ya cire koren murfin, ya ɗauko ƙarfensa na bugu. Yana kallo kuma saurayin ya tsaya riƙe da ƙofa, kansa a sunkuye wajen takardar nan. Kafin tiyo ya taɓa bawul sai ya ga ya dafa kafaɗar Arzika. Suka ɗan yi magana, Arzika ya watsa hannu, ya miƙa masa murfinsa. Jar motar ta juyo a hankali, ta shiga inuwar darbejiya ta tsaya.

"Saje, ka yi mai asiri!" Arzika ya ƙwalo daga can, yana dariya.

Justice ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, bai ko kaɗe shi ba duk da farin yadinsa. Dawuda ya ɗebo masa ruwa a randa. Babura na ta wucewa ɗauke da buhunan dawa. Can saurayin ya ce abin da ya dawo da shi, maganar nan ta abin da taya ke jurewa da abin da mota ke so, ya taɓa jin ta. Yarinyar da zai je gidansu ce ta faɗa masa, har ta nuna masa takardar, shi kuwa ya yi dariya ya ce ta bar wa masu naitirojin aikinsu. Ashe duk masu facin Zuru haka suke faɗa.

"Ba duka ba," in ji Dawuda, fuska a ɗaure.

Saurayin bai lura ba, bakinsa ya riga ya buɗe. Ya ce ita fa ba ta shiga mota sai ta zagaya ta duba ƙafafu huɗu, ko da an makara coci. Ranar da ya fara kai ta wajen abokansa, injiniyoyi da 'yan banki, wani ya tambaye ta aikin mahaifinta. Shi har ya yi saurin cewa tsohon soja ne. Sai ta katse shi a gaban kowa, ta ce soja ne a da, yanzu mai faci ne a Zuru, kuma ba a taɓa jin tayar da ta bar hannunsa ta fashe a hanya ba. Gobe kuma tare za su koma Abuja a motar nan. Da ya tuna haka a tsallake, sai ya ga gara tsohon ya zage shi a kan makara da ya ɗora 'yarsa a kan tayar da aka cika da ka.

Dawuda ya tashi ya juya baya, wai yana neman geji, alhali gejin na aljihunsa. Daɗi ne ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, kuma ba ya son yaro ya ga tsohon Saje a haka. Ya tsaya yana gyara sifanu a kan tebur har ƙirjinsa ya lafa.

Da rabin awar ta cika ya taɓa tayar, ya ba ta wasu minti biyar, don shi ba agogo yake bi ba. Sannan ya warware ƙyallen. Goma sha tara gejin ya nuna. Ya sa jak, ya juya tayar yana shafa mata ruwan sabulu har kumfa ta tashi a wuri ɗaya, inda wata ƙusa ta shige. Ƙusar takalmin dawaki ce ko ta kwano, shi dai ya zare ta ya ajiye a tafin hannun saurayin. Ya toshe ramin, ya kunna inji, ya sa iska kaɗan, ya auna, ya ƙara, ya sake aunawa. Ya ce a ƙa'ida sai taya ta kwana ake samun gaskiyarta, don haka ya bar ta da ɗan ƙari, gobe da sassafe kafin su kama hanya a kawo ya daidaita. Sauran ukun ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Justice na tsugune a gefensa yana karanta lambar da kansa.

Da aka gama saurayin ya miƙo koren murfin. Dawuda bai karɓa ba. Ya laluba cikin wani gwangwani ya ɗauko baƙi ya ɗaura. Ya ce koren yana gaya wa duniya naitirojin zalla ce a ciki, yanzu kuwa da iskar Zuru a ciki, shi kuma ba ya ɗaura wa taya ƙarya. In sun koma Abuja ya ga dama a sake masa, sai ya mayar da abinsa.

Biyu da minti ashirin. Justice ya dubi gwiwar wandonsa da ta yi baƙi, ya dubi agogo, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce shi kenan, tsohon na can zaune cikin manyan kaya yana jiransa, soja ne kuwa, zai ce ba shi da tarbiyya. Ya tambaya ko Baba ya san gidan Saje Dawuda, an ce masa bayan cocin da ke kan tudu ne.

Dawuda ya kashe inji, ya naɗe gejinsa, ya ɗauraye hannu a bahon. Baƙin bai fita ba, dama ba ya fita. Ya ɗaga wa Arzika hannu ya kula masa da rumfa, ya zagaya ɗaya gefen motar ya tsaya.

"Na san gidan. Ba ya ciki tukuna. Buɗe min."

Saurayin ya dube shi, ya dubi gejin da ke leƙowa daga aljihu, ya dubi ɗan allon da ke rataye a jikin darbejiya, wanda rana ta cinye rubutunsa saura S da D. Makullin motar ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Maimakon ya ɗauka sai ya durƙusa a wurin, gwiwa biyu, cikin farin yadin.

"Baba..."

"Tashi, ɗana. Ni damina bakwai na yi kafin a ba ni uwarta. Kai ka samu da rabin awa."

Shigar motar ta ba shi wahala, sai da ya naɗe ƙafafu kamar mai shiga kwando. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, a fili, inda duk wanda ke ƙofar gida zai gan su. Ya ce a bi a hankali, akwai rami a gaban chemis.