Katakon Akwatin Baba

Aibina ɗaya ne, in ji matata Saveta: in na ga rami, toshe shi nake yi, ba na leƙawa.

A gidanmu, ranar da aka haifi namiji ake dasa masa bishiyar nuk, wata bishiya mai 'ya'ya masu taurin ɓawo da katako mai ƙwari. Ya ci 'ya'yanta har ya tsufa, sannan a sare ta, a shanya katakon a rufin ɗaki, ya jira ranar akwatin gawa. Ta Baba ta shekara tamanin da huɗu, kamar shi.

Shekara tara da suka wuce iska ta karya mata reshe, wurin ya yi kogo. Na kwaɓa siminti na ɗura, na shafe, har na ja da baya ina yaba aikina. Bayan damina biyu naman kaza ya fara fitowa a jikinta, faffaɗa, hawa-hawa, mai tauri kamar kofato. Kullum da safe in kankare shi kafin Baba ya leƙo ta taga. Wannan ma na kira shi kula.

Da kakar da ta wuce Baba ya ce mini, "Grigore, kira Nistor mai zarto. Ƙafafuna sun fara sallama."

Muka fito da shi a kujera, da bargo a gwiwa. Nistor ya ƙwanƙwasa gindin bishiyar da bayan gatari, ya saurara.

"Ganga kuka kira ni in sare?"

"Yi aikinka, sarkin surutu," in ji Baba. "Ubana ne ya dasa ta."

Zarton ya shige kamar cikin burodi. Da ta faɗi ko ƙara ba ta yi sosai ba. Cikinta ja ne, a jiƙe, yana marmashewa, ga fararen zare ko'ina da warin rumbun da ya sha ruwa. Nistor ya damƙo ya murza.

"Wane gwanin ne ya ɗura mata siminti? Ya kulle ruwan a ciki, ta ruɓe tun daga zuciya."

Saveta ta dubi takalmanta.

"Ko falankin katako ɗaya ba za a samu ba?" in ji Baba.

"Kawu, ko cokali ba za a fafe ba," in ji Nistor.

Baba bai dube ni ba. Ya ce a mayar da shi ɗaki, sanyi yake ji.

A watan Maris muka binne shi cikin farin akwati na kasuwa, mara nauyi. Simintin kuwa yana nan tsaye a tsakar gida, ko tsagewa bai yi ba.