Ɓawon Ƙwan Preben

Ni da Solvej Kragh muka daɗe muna aiki tare a jujin garinmu, can arewacin yankin Jylland. Mu ke tace baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa daga ƙarƙashin shara, kafin a sake shi ya bi rafi. Dalma da tagullar da ke cikinsa kuwa sun hana Solvej sakat. Duk gwajin da ta yi sai ta ga ba su ragu yadda take so ba.

Rannan ta ce za ta gwada niƙaƙƙen ɓawon ƙwai, ko zai kama ƙarfen da ya narke a ruwan. Ta je wurin Preben Dalgas mai gidan burodi, wani dogon tuzuru mai kunyar tsiya, ta roƙe shi ɓawon da yake zubarwa.

Washegari sai ga shi a keke da bokiti biyu, da kek mai kirfa a kwali.

"Wannan fa?" in ji Solvej.

"Ai ƙwan ne ya yi saura," ya ce, kunnuwansa jajur.

Tun daga nan kullum yana tafe. Ɓawo ya ƙaru, kek ma ya ƙaru, ni kuwa nake cinyewa har wandona ya daina rufuwa.

"Preben, kashe ni za ka yi?" na tambaye shi.

"Ci ka yi shiru, Torkild."

Solvej kuwa hankalinta na kan kwalaben gwajinta. Ana nan, wata safiya ta fito da gudu tana ihu, dalma ta ragu sosai. Ta rungume Preben, rigarta ta yi fari fat da fulawa.

"Ka huta yanzu!" ta ce. "Daga masana'anta za mu riƙa ɗauko ɓawo a mota."

Fuskar bawan Allah ta sauya. Na kasa haƙuri.

"Haba Solvej! Kina hango dalma a ɗigon ruwa, amma kin kasa ganin ƙato mai tsawon ƙofa?"

Ta dube ni, ta dube shi.

"To me ya hana ka magana, Preben?"

"Kullum kina cikin aiki."

"Ran Asabar ba na aiki."

Da rani ya shigo aka ɗaura aurensu a cocin gari. Na taka rawa har takalmina ya ɓalle, na ƙarasa da safa.