Jar Takarda a Ƙofar Murja

"Shi ke nan, sun kore mu!" Murja ta ce, ta fizge jar takardar da aka manna musu a ƙofa. Ko harafi babu a jikinta, amma ina mai tsoro ya ga ta karatu?

Tun da jaridu suka sako 'yan Afirka a gaba, yau damfara gobe ƙwaya, kwamitin benensu da ke unguwar Setapak ke shirin taron hana su haya. Ga mijinta bai gama karatu ba. Mutum ɗaya ya tsaya musu, Baba Cong, tsohon Basine mai gyaran agogo da ƙofarsa ke kallon tasu. Ya rantse sai ya yi magana a taron. To, da Turanci za a yi, shi kuwa ko zo in kashe ka bai sani ba. Sai ya mayar da Murja malama. Kullum da yamma ga shi da ayabarsa, suna lallaɓawa da guntun Malay, yaren ƙasar.

"Malama, in jarida ta mayar da ɓera giwa fa, me ake cewa da Turanci?"

"Exaggerate, Baba."

"Eza-jalet!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko a jikinsa. Yana ban ruwan shukokinsa yana nanatawa, sensational, overblown, har matarsa ta ce ya ishe ta.

Yau kuwa wurinsa Murja ta nufa da jar takardar. Matar ce ta buɗe, Anti Mei, sanye da fari, idanu a kumbure.

"Ya rasu da safe," ta ce. "Mu muka manna. Haka muke wa maƙwabta, kada baƙin cikinmu ya shigar musu gida."

Murja ta durƙushe ta fashe da kuka. Allah ya sani, ba gidan take wa kukan ba, tsohon nan ya shiga ranta.

Ranar taro shugaban kwamiti na ɗaga jarida, Anti Mei ta miƙe.

"Eza-jalet," ta ce, sak yadda mijinta ke faɗa. "Overblown. Maƙwabtana ne."

Wa zai yi musu da mai takaba? Aka jingine maganar.

Da suka dawo, Murja ta nemo takardar, ta warware ta a cinya, ta mayar a ƙofa. Sannan ta ɗebo ruwa a buta, ta tsallaka wurin shukokin Baba Cong.