Gurbi na Tara a Kundin Baldomero

"Ba ki gama ba, maƙwabciya. Takwas kika karanta."

Casilda ta ajiye kwanon romon da tsohon maƙwabcin nata ya ƙi sha. Kwana biyar ke nan tsohon bai tashi daga gado ba, amma kullum sai ta karanta masa kundinsa: katunan 'yan wasan besbol, wasan ƙwallon sanda, na kamfanin sukarin garin, irin waɗanda ake samu cikin ƙunshin alawa shekara sittin da suka wuce. Kowane kati an manna shi da sitacin rogo, an rubuta suna a ƙasa da fensir. Gurbi na tara kuwa ba hoto, ba suna, sai ɓawon takarda.

"Baba Baldomero, babu kowa a nan."

"Ni ne a nan. Ranar da injin rake ya cinye hannuna na ɓamɓare katina, na jefa a wuta." Ya ɗaga dungun damansa. "Ke ma ba ki yarda ba, ko?"

Ina fa! Duk layin ba wanda ya yarda. Masu wasan domino a bakin shago in sun hango shi sai su ce, "Zakara, yau da wane hannu za ka jefa ƙwallo?" Ita ma ta sha dariyarta a bayan labule.

"Sha romonka," ta ce.

"Mutum ɗaya kawai nake so ya ce na yi wasan nan. Ɗaya tak."

Ta ce masa wake na kan wuta, ta fita. Kafin ta dawo ya cika, bakinsa a buɗe, ƙuda na yawo a kan zanen gado.

Washegari, da aka dawo daga maƙabarta, tana shirya teburin addu'ar kwana tara, aka rasa hotonsa ko ɗaya da za a ɗora a kai. Ta ɗauko kundin ta karkaɗe ƙura a bakin taga. Rana ta ratsa shafin. Ashe fuskar katin kaɗai ya ɓamɓare. Bayansa, inda kamfani ke buga suna, yana nan manne. Ta juya shafin ta ɗaga shi ga rana, rubutun ya fito: Baldomero Quezada, mai jefa ƙwallo.

Kunya ta kama ta.

"Ka yi wasa, maƙwabci," ta ce.

Ta jingina kundin a buɗe kusa da kyandir. Daga bakin shago ana jin ƙarar domino a kan tebur.