Tsabtar Mama Paulina

Duk Madakiya an san Mama Paulina da tsabta. Ko ƙuda ne zai sauka a gidanta sai ya goge ƙafa. To, a gidan nan ne 'yarta Yemima, malamar kimiyya a Kafanchan, ta jera bokitan taɓo mai wari a bayan kicin.

Dalili kuwa gonar cittar babanta ce. Masu fasa tsofaffin batiran mota sun daɗe suna aiki a tudun da ke saman gonar, ruwan sama yana gangaro da dalma, har aka hana Baba Azariya shuka. Yemima ta gano cewa a kwatar wurin akwai ƙwayoyin bakteriya da dafin bai kashe ba, har ma suna kama dalmar su ɗaure ta. Sai ta ɗebo su da taɓonsu tana kiwo a bokitan, tana ba su ruwan rake kamar jarirai. Ta yi wa tsohon alkawari, in suka yawaita ta zuba a gonar, bana zai shuka.

Ranar da zumuntar mata za su yi addu'a a gidan, Yemima ta dawo daga aiki ta tarar da bokitan a kife a rana, suna ta ƙyalli.

"Mama, ina taɓona?"

"Na zubar," in ji Mama Paulina, tana jiran godiya. "Matan Pasto zai zo ya ji wannan wari? Har ruwan zafi na sa, da omo."

Yemima ta zauna daɓas, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Da Mama ta gane aika-aikar da ta yi, kunya ta rufe ta. Ana cewa amin, ta tattara matan zumunta da ankonsu, Yemima ta raba musu safar hannu, suka nufi kwata ɗebo sabon taɓo suna waƙa. Masu fasa batir suka saki baki suna kallo.

Da gida ya yi shiru, Baba Azariya ya matso.

"Yanzu sai yaushe?" ya tambayi Yemima.

"Sai bayan damina, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya shiga ɗaki ya jawo buhun irin cittar da ya adana.

"Kai wa maƙwabcinmu Gershon ya shuka a nasa," ya ce. "Kada ya ruɓe yana jirana."